Masallacin Gareji

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da rumfar da na kafa wa mota a ƙofar gidana a Dutse ba, tun motar ba ta iso ba. Na daɗe ina kauce wa labarin, ko da yake babu wanda bai san shi ba a unguwarmu. Yau dai na ga gara in faɗa da bakina, tunda masu ba da shi a madadina sun fara ƙara abin da ban yi ba, alhali wanda na yi ma ya isa.

Ni mutumin Aujara ne, karatuna bai yi nisa ba. Ina aikin sito a Kano aka yanko mana jiha, aka ce kowa ya kama hanyar gida, muka tattaro komatsanmu muka dawo Dutse, lokacin da in ka cire duwatsu da itatuwan dabino babu wani abin kallo sosai a garin. Na yi shekaru a gidan haya kafin Allah ya hore mini fili a wata sabuwar unguwa, na yi ɗaki uku da zaure, na tare da iyalina. Daga nan buri ya koma kan mota. Abokan da muka dawo tare duk sun sauka daga babur, ni kaɗai nake zuwa ofis ina kaɗe wando.

Ƙanin matata, Auwalu, fataucin motoci yake yi daga Kwatano. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a muka daidaita da shi a kan zai samo mini 'yar ƙarama in ya tafi. Kafin ya tafi na sa shi ya auna mini irinta a Kano da igiya, ya yi ƙulli a tsawo, ya yi ƙulli a faɗi, ya aiko mini. (Na ajiye igiyar nan a cikin akwatin da nake ajiye takardar fili, wannan kaɗai ya isa a gane halin da nake ciki.)

Ƙofar zaurena ko amalanke ba ta wucewa, don haka na yanke shawarar kafa rumfa a waje. Na kira Tanimu mai walda, muka shimfiɗa igiya daga jikin katanga zuwa titi. Ƙullin ya tsallake kwata ya faɗa kan hanya. Tanimu ya dube ni, na dube shi, na ce igiya za mu bi. Cikin kwana huɗu ya kafa ƙafafu huɗu na ƙarfe, ya rufa kwano, aka yi daɓen siminti, aka yi gangara a kan kwata don taya ta hau cikin sauƙi. Har bulo biyu na sa aka dasa a gindin katanga, don kada wata rana in yi ribas in daki ɗakin baƙi. Da yamma nakan fito da kujera in zauna ina kallon wurin, ina hango motar a ciki.

A rana ta shida na fito zan tafi aiki na tarar da katangata da wani jan gicciye, girmansa ya kai tsayina, a ƙasa an rubuta a tsaya da aiki, a zo ofishin tsara gari. Aikin kuwa an riga an gama shi, ban san me zan tsayar ba.

A ofishin aka nuna mini teburin wani Malam Hamisu, dogo siriri mai tabarau, wanda yake magana kamar mai tsoron kada kalmomi su ƙare masa. Da na ga jan fenti a gefen ƙumbarsa na gane shi ne mai aikin. Na gaishe shi har da rusunawa, na faɗi unguwa da lambar fili.

"Kai ne mai rumfa," in ji shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ai rumfa ce kawai, ba gini ba."

"Tana da ƙafa?"

"Huɗu."

"Tana da rufi?"

"Tana da shi."

"To gini ne."

Ya jawo fam ya miƙo mini, ya ce in cike, in haɗo da zanen rumfar da kofin takardar fili da sa hannun mai unguwa, su kuma za su zo su auna. Sannan ya ce tun yanzu bari ya rage mini wahala: ƙafafun gaba biyu suna kan hanyar jama'a, in janye su taku uku zuwa bayan kwata, shi kuma ya sa mini hannu cikin mako guda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na janye taku uku ai gaban motar a rana zai zauna."

"Wace motar?"

"Tana hanya."

"Allah ya kawo ta lafiya. Taku uku."

Da ina da hankali da a nan labarin ya ƙare. Amma daga ofishin ban zame ko'ina ba sai rumfar Tanimu, na tarar da shi yana ƙera ƙofa, na zayyana masa. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Yallaɓai, kai ma da neman wahala. Ka ce musu masallaci ne mana. A wannan zamanin wa ka ga ya isa ya shafa wa masallaci jan fenti? In takarda ta fito ka sa motarka, wa zai dawo ya duba?"

Dole in bayyana yadda gari yake a lokacin, don wanda bai gani ba. Kowa ya shiga taitayinsa. Mutanen da ka sani da aske haɓa kullum sun tsayar da gemu, wanduna sun ɗage, a ofis da an kira sallah sai ka ga har masu ɓuya a bayan kabad sun fito da buta. Wasu da gaske suke, wasu iska suke bi. Ni a wancan lokacin ban san a wane layi nake ba, sai daga baya na sani.

A fam ɗin akwai layin da aka tambayi abin da za a yi da ginin. Na zauna a tabarma na rubuta masallaci, da babban baƙi. Ina so in ce hannuna ya yi rawa, amma tunda na ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya, bai yi ba. Har ja masa layi na yi a ƙasa.

Da na mayar da fam ɗin ofis, Malam Hamisu ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Shekaranjiya mota ce."

"Na sake shawara, ranka ya daɗe. Na yi tunanin lahira."

"Madalla. Tunani ne mai kyau." Ya juya takardar. "In masallaci ne, bayan mai unguwa sai ka kawo sa hannun maƙwabta uku da za su riƙa sallah a ciki. Laraba ta sama zan zo in gani."

Ban ga wata matsala ba. Sa hannu ne kawai, na ce a raina. Mai unguwa ya sa nasa yana sa mini albarka, malamin firamaren da ke bayan gidana ya sa, mai kantin kan kwana ya sa. Na uku shi ne Baffa Jauro, wanda katangarmu ɗaya da shi. Dattijo ne Bafillace da ya sha kiwo a ƙasar Buji, da girma ya zo ya rage shanun ya dawo gari kusa da 'ya'yansa. Ciwon gwiwa ya sa shi gaba, masallacin da ya fi kusa da mu kuwa sai an tsallaka babban titi, don haka yawancin sallolinsa a zaure yake yi shi kaɗai, abin yana damunsa ƙwarai.

Na karanta masa takardar. Ya sa na maimaita. Sai ya kama hannuna da hannu biyu yana cewa "mi yetti, mi yetti," wato ya gode, idanunsa suka kawo ruwa. Ya dangwala yatsa a tawada ya danna da ƙarfi kamar zai huda takardar.

"Yaushe za a fara, ɗana?"

"Sai takarda ta fito, Baffa."

"Takarda ta gwamnati ce. Sallah kuma ta Allah ce."

La'asar ɗin ranar na dawo daga aiki na tarar da shi a rumfar a kan buzunsa, da malamin firamare a gaba, da mai kanti a gefe. Suka ce in yi sauri in yi alwala, ni suke jira.

Da na shiga gida, Binta matata tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Sadiya, na ji an ce ka gina masallaci."

"Na wucin gadi ne."

"Masallacin wucin gadi. To. Ita motar in ta zo alwala za ta riƙa yi, ko a sahun baya za a sa ta?"

Na ce mata ba ta san harkar ofis ba. Ta ce gaskiya ne, ba ta sani ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin da ban lissafa ba shi ne unguwar tana da ƙishin masallaci. Washegari mai kanti ya kawo tabarmi huɗu. Baffa ya sa aka girke randa da moɗa. Wani direba ya kawo agogon bango ya rataye a jikin katangata, daidai kan jan gicciyen. Wani tela da ban taɓa jin muryarsa ba ya zama ladan, ashe murya ce da shi har bakin titi. Daga mutum huɗu muka koma goma, kafin mako ya zagayo sahu biyu ake yi da Magariba, har ana sauka kan gangara. Ni da Asuba takan wuce ni in rama da hantsi, sai ga shi ana kiran sallah a gindin tagata, ba halin mai masallaci ya yi barci.

Ga inda na fi jin kunya, fiye ma da abin da ya zo daga baya: abin ya yi mini daɗi. Mutanen da da sai dai mu ɗaga wa juna hannu suka koma tsayawa su gaishe ni. Labari ya kai ofis, shugaban sashenmu da bai san sunana ba ya kira ni ya ba ni hannu, ya ce irinmu ake nema. Na sunkuyar da kai na ce ai ba komai, ɗan abin da Allah ya hore ne. (Na fara barin gemu a makon. Bai fito da kyau ba, amma na bar shi.) Duk wannan kuma shirin da ke cikina bai canza ba: takarda ta fito, in bari a kwana biyu, in samo dabarar da zan ce wa jama'a a koma wani wuri.

Abu ɗaya ya rage, kada mota ta iso kafin Laraba. Lokacin babu wayar hannu. Na je tasha na ba wani direban Kano wasiƙa ya kai shagon Auwalu, na ce in ya dawo ya riƙe motar a can sai na neme shi. Direban ya sa ta a aljihun gaba ya ce in ɗauka ta isa. Na ji an ce har yau ba ta isa ba.

Ranar Laraba na ɗauki uzuri a ofis, na sa farar riga da hula, na share rumfar da kaina. Wajen ƙarfe ɗaya Malam Hamisu ya iso a kan babur, da tef ɗin awo da fayil a ɗaure a baya, mai unguwa kuma ya taho a ƙafa. Jama'a sun fara taruwa don Azahar, Baffa Jauro yana zaune a wurinsa da carbi.

Malam Hamisu ya zagaya rumfar sau biyu. Ya ja tef daga katanga zuwa kwata, ya rubuta. Ya ja daga kwata zuwa ƙafafun gaba, ya rubuta. Sannan ya tsaya a kan gangara ya ɗan buga ta da dunduniya.

"Wannan fa?"

"Saboda tsofaffi ne, ranka ya daɗe. Masu ciwon gwiwa, kada su sha wahalar tsallaka kwata."

Baffa Jauro ya ɗago kai. "Kun ji ko? Har da gwiwata ya tuna. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Malam Hamisu ya matsa gindin katanga ya nuna bulo biyun nan.

"Waɗannan kuma?"

"Na zaman alwala ne."

"A cikin masallaci, a gaban liman."

"Za a gyara."

Ya dubi yadda aka karkata tabarmi don su fuskanci alƙibla, kusurwa guda ta tafi a banza. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya gina masallaci ya manta da gabas ba. Na ce filin ne ya zo a haka. Ya ce haka ne, filaye sukan zo a haka, ya rubuta wani abu.

Tela ya tayar da iƙama. Malamin firamaren da yake ja mana sallah ya tafi Jahun gaisuwar rasuwa, Baffa kuma a zaune yake sallah. Aka dubi mai unguwa, ya ce ina, ga mai wuri. Aka dubi Malam Hamisu, ya ce shi baƙo ne. Kafin in buɗe baki an tura ni gaba, na tsaya tsakanin bulo biyun nan, daidai inda lambar motar za ta tsaya.

Na yi kabbara. Bayan Fatiha na nemi sura, duk 'yan surorin da na haddace suka gudu, babu wadda ta zo bakina sai wadda take magana a kan masu yin sallah don a gani. Na nemi wata, ita ta sake dawowa. Haka na karanta ta. Allah ya rufa mini asiri karatun Azahar a ɓoye ake yi.

Da muka sallame, Baffa Jauro ya yi gyaran murya ya ce, tunda ga hukuma ga mai unguwa, yana roƙon a yi wa bawan Allah nan addu'a ta musamman, wanda ya hana kansa ya ba Allah ƙofar gidansa. Aka ɗaga hannuwa. Na juyo na fuskanci jama'a, ni ma na ɗaga nawa. Baffa ya fara, Allah ya gina masa gida a Aljanna kamar yadda ya gina mana wannan, jama'a suna amin.

Sai muka ji hon.

Wata 'yar mota ruwan toka, ko lamba babu, ta wuce rumfar kaɗan ta tsaya, ta sa ribas, ta fara tahowa da baya a hankali tana neman gangara. Tayoyin baya suka hau. 'Yan sahun baya suka dare kowa yana laluben takalminsa. Motar ta tsaya, aka sauke gilashi, kan Auwalu ya leƙo, idanu jajaye saboda tafiya.

"Salamu alaikum. Yaya, lafiya? Wa ya rasu?"

Mai unguwa ya amsa sallamar.

"Babu wanda ya rasu," na ce. Hannuwana suna sama har lokacin, na manta ban sauke ba.

"Alhamdu lillahi, gabana har ya faɗi. To a ɗan naɗe tabarmin in shigo da ita, tun jiya take shan rana." Ya fito yana miƙa, ya dubi kwano, ya dubi daɓe. "Kai, garejin ya yi. Igiyar da na aiko ka bi ko? Na gani, ko taku ɗaya bai ƙaru ba. Har da gangara. A'a, har da bulon tare taya. Yaya, ka iya tsari."

Na sha jin mutane suna cewa sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni daɓen siminti ne a ƙarƙashina, kuma ni na sa aka yi shi da kauri don ya ɗauki mota.

Mai kanti yana kallon tabarminsa. Malam Hamisu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, kamar ba a wurin yake ba. Na yi tunanin in ce Auwalu bai fahimci saƙona ba ne, har na shirya kalmomin. Sai Baffa Jauro ya shafa addu'ar da bai ƙarasa ba, ya dube ni, ba da fushi ba, ya yi tambaya a hankali.

"Ɗana, gangarar nan ta gwiwata ce ko ta taya?"

"Ta taya ce, Baffa."

Daga nan sauran ya zubo da kansa. Na faɗi igiya, na faɗi jan fenti, na faɗi taku uku, na faɗi abin da na rubuta a fam da abin da na yi niyyar yi in takarda ta fito. Ban ɗago kai ba sai da na gama. Auwalu ya jingina da mota ya rufe baki da hannu, sai a lokacin ya lura da randa da agogo.

Baffa ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya sunkuya ya naɗe buzunsa.

"To jama'a, ku tashi a ba mota wurinta. Wurin mutum ne. Ba a sallah a inda mai wuri bai yarda ba. Waɗanda muka yi a baya, mu dai da zuciya ɗaya muka yi, Allah ya karɓa."

Mai kanti ya fara naɗe tabarma. Direba ya nufi agogonsa. Baffa ya taka gangarar nan a hankali yana dafa sanda, zai koma zaurensa inda yake sallah shi kaɗai. Duk abin da aka yi a ranar, dariyar da aka danne da kallon da aka yi mini, babu wanda ya kai mini ganin bayan dattijon nan da buzu a hammata.

Na ce, "Baffa, a mayar da tabarmin. Na bayar."

Ya tsaya bai juyo ba. "Wa ka ba wa? Malam Hamisu ko Allah?"

"Allah."

"Mota fa?"

"Ta kwana a waje."

Ya juyo ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wa mai unguwa ya zama shaida, ya ce wa tela ya zama shaida, ya dawo ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, ya ce a ƙarasa addu'ar, amma a ƙara da neman gafara.

Da aka shafa, na ji sanyi a raina, har na fara ganin kamar na fita da ɗan sauran mutunci. Sai Malam Hamisu ya mayar da tabarau ya buɗe fayil.

"To tunda an gama wancan, ga nawa. Ƙafafun gaba biyu suna kan hanya. Taku uku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu fa masallaci ne na gaske."

"Na gani. Masallaci ma taku uku. Hanya ta kowa ce, har da wanda zai zo sallar."

"Ai na ɗauka masallaci ba a taɓa shi."

"Wa ya faɗa maka?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Da ni ka tambaya da na gaya maka tun ranar. Ka je ka tambayi mai walda."

Ban taɓa gaya masa zancen Tanimu ba. Da na nuna mamaki, ya ce a shekarar nan kaɗai ni ne na huɗu da ya yi tunanin lahira bayan an shafa masa fenti, kuma dukkanmu mutum ɗaya ya yi mana walda.

Washegari Tanimu ya zo ya yanke ƙafafun ya janye su bayan kwata, jama'ar masallaci suka taya shi riƙe kwano. Na ce masa ya ga abin da shawararsa ta jawo mini. Ya ce, "Yallaɓai, ni cewa na yi ka ce. Ban ce ka rubuta ba." Aka fasa bulo biyun, aka bar gangara, domin ta tabbata tana yi wa gwiwar Baffa amfani. Cikin mako guda takarda ta fito da hatimi, kamar yadda Malam Hamisu ya faɗa tun ranar farko, an rubuta masallaci, an ƙara da cewa ba a yarda a mayar da shi wani abu ba. Mai kanti ya sa ta a gilashi ya rataye ƙarƙashin agogo.

Na so a sa wa wurin suna mai kyau, har na kawo shawara biyu. Babu wadda ta kama. Masallacin Gareji ake ce masa har yau, ko a katin ɗaurin aure haka ake bugawa, masu babur ma da shi suke kwatance. Daga baya jama'a suka nemi izini aka ja masa rabin katanga, aka gyara alƙibla. Baffa Jauro ya yi shekara shida yana sallah a ciki, kuma da ya rasu a gaban masallacin muka sallace shi, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, sai dai in ya hau gangarar yakan ce, "Allah ya saka wa taya da alheri."

Motar kuwa a tsallaken layi ta zauna, inda ko inuwar fal-waya babu. Binta ta haɗa tsofaffin zannuwa ta ɗinka mata riga, iska tana kwashewa. Kafin in sayar da ita ruwan tokar ya koma wani launi da ba shi da suna.

Ina roƙon Allah ya karɓi niyyata ta biyu, ya yafe mini ta farko. Abin da na koya bai da yawa. In ma'aikaci ya ce maka taku uku, ka janye taku uku. Kuma kada ka rubuta wa Allah abu a fam da niyyar karɓewa daga baya, domin ba Malam Hamisu kaɗai yake karanta fam ba. Binta tana da nata lissafin, takan faɗa duk lokacin da baƙi suka tambayi asalin sunan: wai na ƙi yarda gaban mota ya sha rana, sai ta sha gaba da baya.